Me ake nufi da 'rufin asiri'?

Idan aka tambayi manomin rani a Garun Mallam abin da yake nema a gona, da wuya ya ce dukiya. Sau da yawa amsarsa ita ce "rufin asiri".

Kalmar asiri dai ta samo asali ne daga Larabci, wato sirr, abin da ake ɓoyewa. A Hausa kuwa, asirin magidanci shi ne halin da gidansa ke ciki: ko an ɗora tukunya, ko an kwana da yunwa.

Saboda haka mai rufin asiri shi ne wanda ke ciyar da iyalinsa, ya tufatar da su, ya yi hidimar suna da aure ba tare da ya kai kukansa ga kowa ba. Ba lalle ne ya zama attajiri ba. Hasali ma, attajirin da bashi ya yi wa katutu sai a ce asirinsa ya tonu.

A nan ne kalmar ta bambanta da "riba". Riba lissafi ce ta kasuwa, shi kuwa rufin asiri shi ne dalilin zuwa kasuwar tun farko. Malamai kan danganta shi da sutura, wadda Musulunci ya kwaɗaitar a yi wa ɗan'uwa.

Kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, magidanta da dama a ƙasar Kano kan tafi ci-rani da zarar an gama girbi. Ruwan da aka janyo zuwa Kadawa da Kura da Bunkure ya sa ana noman shinkafa da alkama da tumatir da rani, mutum na neman rufin asirinsa a ƙofar gida.

To sai dai abin ba ya rasa haɗari. A 2016 tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a yankin, har kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ya dakatar da aiki. Manomin da ya ci bashin taki a irin wannan shekara, abin da ya fi tsoro shi ne mai bin bashi ya yi masa sallama a gaban maƙwabta.

Ana kuma amfani da kalmar wajen addu'a. Akan ce "Allah ya rufa asiri" ga wanda ya yi kyauta ko zai kama sana'a, shi kuma ya amsa da "amin".