Daga bayan gari zuwa mazaunin masu hali: tarihin Neuilly a gefen birnin Paris

1. Gabatarwa

A Hausa, kalmar "bayan gari" ba ta ɗauke da wata daraja. A da, ɗan gari a cikin ganuwa yake zaune, kusa da fada da babban masallaci, baƙi da fatake kuwa su sauka a waje, kamar yadda Zango yake ga Birni a Damagaram. Faransanci ma haka ne. Kalmar banlieue ta fito daga ban, watau ikon doka, da lieue, ma'aunin tafiya na wajen kilomita 4: ƙasar da ke kewaye da birni ke nan, wadda birnin ke hukuntawa. Abin da muke son bincikawa a nan shi ne yadda aka yi wani yanki na bayan gari ya zama inda masu hali ke rububin zama. Mun ɗauki misalin Neuilly-sur-Seine, gari mai mutane kimanin 60.000 da ke manne da Paris daga yamma.

2. Hanya da fili

Tun farko Neuilly mafita ce a kan kogin Seine. A 1606 keken dokin Sarki Henri na 4 ya auka ruwa wajen fito, sai aka kafa gadar katako. A 1772 aka buɗe gadar dutse wadda Perronet ya gina, a kan miƙaƙƙiyar hanyar da ta taso daga Champs-Élysées. Manyan mutane suka yi ta gina gidajen hutu a bakin kogi. Louis-Philippe ya mallaki babban gidan Neuilly a 1819, ya ci gaba da zuwa can ko bayan ya hau sarauta a 1830. An ƙone gidan a juyin juya halin 1848. A zamanin Napoléon na 3 hukuma ta ƙwace filin, aka yanka shi fegi-fegi, aka fitar da tituna masu faɗi da itatuwa a gefe, aka sayar wa masu iya saye. A 1852 kuma aka miƙa wa birnin Paris dajin Boulogne, wanda ke kudu da garin, aka mayar da shi wurin shan iska.

3. Ganuwa da hayaƙi

Tsakanin 1841 da 1844 aka kewaye Paris da ganuwar Thiers. A 1860 birnin ya haɗiye duk abin da ke cikinta, har da unguwar Ternes wadda da ma ta Neuilly ce. Sauran garin ya tsaya a waje da magajin garinsa, watau kusa da birni amma yana gudanar da al'amuransa da kansa. A wannan ƙarni manyan masana'antu suka taru a arewa da gabas, a irin su Saint-Denis da Aubervilliers. Da yake iskar Paris galibi daga yamma take kaɗawa, hayaƙi gabas yake nufa. Ba za mu ce iska kaɗai ta raba talaka da mai kuɗi ba, don Puteaux da Levallois, maƙwabtan Neuilly, garuruwan ma'aikata ne a lokacin. Tsadar fili ce ta ƙarasa aikin.

An rushe ganuwar daga 1919. Layi na 1 na jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso gadar Neuilly a 1937, ya tsallaka zuwa La Défense a 1992. Ta haka garin ya samu kansa tsakanin tsakiyar Paris da unguwar manyan kamfanoni.

4. Zaɓen maƙwabci

Itatuwa da hanya ba su isa su bayyana farin jinin wurin ba. Masana halin zaman jama'a Michel Pinçon da Monique Pinçon-Charlot, a littafinsu Dans les beaux quartiers na 1989, sun nuna cewa abin da mai arziki ke saye shi ne zama da irinsa: ƴaƴansa su yi karatu da ƴaƴan tsararsa, su yi abota, su yi aure a tsakaninsu. Siyasar garin ta kare wannan zama. Magajin gari biyu kacal aka yi daga 1947 zuwa 2002: Achille Peretti, sannan Nicolas Sarkozy daga 1983. A 2000 dokar SRU ta wajabta wa irin waɗannan garuruwa su kai kashi 20 cikin ɗari na gidaje masu rahusa, aka ɗaga shi zuwa 25 a 2013. Neuilly ta tsaya nesa ƙwarai da wannan adadi. Masu shara da masu reno da masu gadi da garin ke buƙata, yawancinsu daga wasu garuruwa suke sammako.

5. Kammalawa

Mun ga ke nan cewa daɗin zama a irin wannan wuri ba haka kawai ya faɗo ba. Gada, daji da layin jirgi duk aikin hukuma ne da kuɗin jama'a, amma moriyarsu ta fi komawa ga wanda ya iya sayen fegi. Wannan tsari ya iso mu ta hannun Faransawa. Bayan an mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, sun keɓe wa kansu tudun Plateau, kwarin Gunti Yena ya raba su da unguwannin ƴan ƙasa. Yau da ake yanka filaye a gefen Yamai da Maraɗi da Tawa, ya kamata mu riƙa tambaya tun kafin a kafa tubali: ina kwalta da ruwa da wuta za su fara bi, wa zai biya, kuma ina masu yi wa sabuwar unguwar aiki za su kwana.