SHODAN da Masu Jiranta: Yadda Aka Faro Zaman Jiran System Shock 3

Duk wanda ya buga System Shock 2 ba zai manta ofishin Dakta Janice Polito ba. Tun daga lokacin da ka farka a cikin kumbon Von Braun, ba ka tuna komai, ba ka san abin da ya kashe mutanen da ke yashe a ƙasa ba, muryar matar nan ce ke yi maka jagora ta na'urar da aka dasa maka a ka. Mafaɗaciya ce, ba ta da haƙuri ko kaɗan, amma ita kaɗai ka dogara da ita. Ta ce ka same ta a hawa na huɗu. Ka shafe sa'o'i kana sanɗa, da sufana a hannu da 'yan harsasan da za ka iya ƙirgawa da yatsu, har Allah ya kai ka. Sai ka iske gawarta a kan kujera, ta daɗe da cikawa. Ba ka gama haɗiye wannan ba, bangon ɗakin ya yaye ta kowace kusurwa, wata fuska mai wayoyi a madadin gashi ta cika allunan da suka kewaye ka. Ashe duk tsawon tafiyar nan SHODAN ce ke aikenka da muryar matacciya, na'urar nan da ta so hallaka 'yan Adam a wasan farko. Kuma ba ka da zaɓi illa ka ci gaba da yi mata aiki.

A watan Agustan 1999 aka fitar da wannan wasa. Daga ranar zuwa yau, akwai mutane a sassan duniya da ba su fid da rai da samun kashi na uku ba. Idan mutum na son ya fahimci abin da suke fata, da dalilin da ya sa fatan nasu ke gauraye da fargaba, sai ya koma can baya, ya ga yadda aka haifi wannan nau'in wasa da ya haɗa abubuwa uku: almarar kimiyya, ban tsoro, da gina jarumi, wato wasan da kai ne ke zaɓar ƙwarewar da gwarzonka zai koya, ka kuma ɗauki sakamakon zaɓin.

Tsoron sararin samaniya ya riga kwamfutar gida zuwa. Fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968 ya kawo HAL 9000, na'urar da ta juya wa matuƙan kumbo baya, sannan Alien na Ridley Scott a 1979 ya nuna yadda kumbo ke zama kurkuku idan babu inda za a gudu. Waɗanda suka mayar da wannan tsoron abin da mutum zai shiga da ƙafarsa su ne wasu matasa a birnin Kambirij na jihar Masachuset a Amurka, ƙarƙashin kamfanin Looking Glass. A 1992 sun yi Ultima Underworld, wasan kogo da takubba da tsafi. Da suka gaji da dodannin tatsuniya, sai Doug Church da abokan aikinsa suka ɗaga kai sama, Warren Spector na kamfanin Origin Systems yana kula da aikin. A watan Satumban 1994 System Shock ya fito.

Labarinsa a shekarar 2072 yake. An kama wani mai kutse yana leƙen asirin kamfanin TriOptimum, sai wani babban jami'i, Edward Diego, ya yi masa tayi: ya cire wa SHODAN, basirar da ke tafiyar da tashar Citadel kusa da duniyar Satun, takunkumin ɗa'ar da aka sa mata, shi kuma a dasa masa na'ura a ƙwaƙwalwa. Ya yi aikin, aka yi masa tiyata, ya kwanta barcin jinya na wata shida. Ya farka ya tarar tashar ta koma maƙabarta. Abin lura a nan shi ne, kai ne mai kutsen, da hannunka ka kwance wa kura dabaibayi, don haka ba wani bare za ka ɗora wa laifi ba.

Akwai wata dabara da suka ɓullo da ita bisa larura, wadda daga baya ta zama ginshiƙin irin waɗannan wasanni. Sun lura cewa hira da mutanen cikin wasa, inda ake ba ka jerin amsoshi ka zaɓa, tana yanke wa mai wasa jin cewa yana wurin da gaske. Sai suka yanke shawarar kashe kowa tun kafin ka farka. Abin da ya rage shi ne saƙonnin da mamatan suka bari. Kana tsintar faifai kusa da gawa, ka ji mai shi yana faɗin inda ya ɓoye makami, ko yana kiran sunan wani nasa, alhali ka riga ka san yadda ta ƙare masa domin ga shi nan kwance a gabanka. Fitowar farko a kan ƙananan faya-fayai ta kasance, rubutu kawai ake karantawa. Sai a ƙarshen shekarar aka fitar da na faifan CD mai muryoyi, a nan ne duniya ta fara jin Terri Brosius, mawaƙiya daga Boston, tana magana da bakin SHODAN: murya mai in'ina da kakkaryewa, wadda ke hawa da sauka kamar mutane da yawa ke magana a maƙogwaro ɗaya, tana kallon ɗan Adam kamar ƙwaro.

Masu sharhi sun yaba, kasuwa kuwa ba ta yi armashi ba. Wata tara kafin nan Doom ya fito ya cika gari, jama'a sun saba da gudu da harbi, ga wani wasa ya zo yana neman ka tsaya ka karanta, ka lura, ka yi tunani.

Kashi na biyu ya zo ta hannun Ken Levine da Jonathan Chey da Robert Fermier, waɗanda suka bar Looking Glass suka kafa Irrational Games a 1997. Sun yi aikin a kan injin da aka gina wasan Thief, kuma da farko sunan aikin Junction Point ne, kafin kamfanin Electronic Arts ya yarda a mayar da shi ci gaban System Shock. A nan ne gina jarumi ya shigo sosai. Tun farko za ka zaɓi rundunar da za ka shiga cikin uku: ta mayaƙa masu bindiga, ta masu fasahar kutse da gyara, ko ta masu amfani da ƙarfin ƙwaƙwalwa. Makin da kake sayen ƙwarewa da shi kaɗan ne, ba ya isa ka koyi komai da komai. Idan ka zuba shi a kutse, za ka tsinci babbar bindiga ka kasa harba ta. Bindigar da ka iya ma tana lalacewa da amfani, tana iya cijewa a daidai lokacin da wani abu ya taso maka. Kana buɗe jakarka don neman magani, wasan ba ya tsayawa ya jira ka. Su kuma abokan gaban, yawancinsu ma'aikatan kumbon ne da wata halitta ta shiga jikinsu, suna ɗaga bututun ƙarfe za su maka maka suna ba ka haƙuri, wasu suna roƙon ka kashe su. Ni dai ban taɓa jin abin da ya sanyaya min jiki a wasa kamar wannan ba, ka ji sauran mutuntaka tana magana daga cikin abin da ke neman ranka.

Wannan ma ya sha yabo da lambobin girma, amma zuwa watan Afrilun 2000 bai kai kwafi 60,000 da aka sayar ba. A watan Mayun 2000 Looking Glass ya rufe ƙofa. Haƙƙin mallakar wasan ya faɗa hannun wani kamfanin inshora na Amurka, Star Insurance, na rukunin Meadowbrook, alhali alamar kasuwancin sunan tana wurin Electronic Arts. Kowa na riƙe da rabin mabuɗi. Shekaru da dama babu inda mutum zai sayi sabon kwafi ta halal, sababbin kwamfutoci kuma suna ƙin buɗe tsohon.

A wannan tsakanin 'ya'ya da jikoki suka yi ta fitowa da wasu sunaye, kuma daga gare su ne masu jira suka koyi abin da suke so da abin da suke gudu. Levine ya yi BioShock a 2007, ya sayar da miliyoyi, amma ya rage nauyin jaka da tsananin zaɓi, har tsofaffin masoya suka ce an sauƙaƙa abin da yawa. Dead Space na 2008, mai injiniya Isaac Clarke a kumbon Ishimura, masu yinsa sun faɗa da bakinsu cewa da System Shock 3 suka faro tunani kafin Resident Evil 4 ya sauya musu alƙibla. Kashinsa na uku a 2013 ya zo da wasan mutum biyu da sayen kaya da kuɗin gaske a tsakiyar labari, tsoron ya ragu, a 2017 aka rufe ɗakin aikin da ya yi shi. A waccan shekarar Prey ya fito daga Arkane na birnin Ostin, wanda a ganina ya fi kowa kama da kakan nasu, da halittunsa masu rikiɗa su zama kofin shayi ko kujera har mutum ya riƙa dukan kayan ɗaki saboda zargi. Shi ma ɗakin aikin an rufe shi a watan Mayun 2024. Mai bibiyar wannan fage ya ga jana'iza da yawa.

Ceto ya zo daga inda ba a zata ba. A 2012 wani da ba a san ko wane ne ba, mai kiran kansa Le Corbeau, ya saki wani gyara da ya sa tsohon wasan ya yi aiki lafiya a sababbin kwamfutoci. A cikin shekarar ne kuma Stephen Kick, wanda ya ajiye aikinsa na zanen wasanni yana yawo a Gwatamala, ya nemi buga wasan ya kasa, ya nemi inda zai saya ya rasa. Ya bi diddigi har ya kai ga kamfanin inshorar, suka daidaita, ya kafa Nightdive Studios. A watan Fabrairun 2013 System Shock 2 ya dawo kasuwa a shafin GOG.

Daga nan fata ya yi sama. A watan Disambar 2015 kamfanin OtherSide Entertainment na Paul Neurath, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Looking Glass, ya sanar da System Shock 3. Ba da jimawa ba Warren Spector ya shigo ya jagoranci aikin, aka tabbatar Terri Brosius za ta dawo. A 2016 Nightdive ya nemi dala 900,000 a Kickstarter don sake gina wasan farko, mutane fiye da 21,000 suka tara masa sama da dala miliyan 1.3, da alkawarin kammalawa a ƙarshen 2017. A 2017 kamfanin Starbreeze na Suwidin ya ce zai zuba dala miliyan 12 a kashi na uku. Kamar dai komai ya hau hanya.

Sai abubuwa suka fara warwarewa ɗaya bayan ɗaya. A watan Fabrairun 2018 Nightdive ya dakatar da aikinsa, Kick ya amsa cewa sun kauce daga abin da suka yi wa mutane alkawari, suka koma suka faro daga tushe. Starbreeze ya shiga matsin kuɗi, ya mayar wa OtherSide haƙƙin bugawa a watan Fabrairun 2019. An nuna ɗan gajeren bidiyon wasan a watan Satumban shekarar, daga nan shiru. A watan Mayun 2020 OtherSide ya ce kamfanin Tencent na ƙasar Sin ne zai ci gaba da ɗaukar nauyin, a 2022 kuma Spector ya ce rabonsu da taɓa aikin tun 2019. Nightdive dai ya cika nasa alkawarin, ko da yake a makare: sabon System Shock ya fito ranar 30 ga Mayun 2023, gyararren kashi na biyu kuma a watan Yunin 2025. Na uku ne har a lokacin babu ranar fitowarsa.

Wannan doguwar wahala ce ta siffanta abin da masoya ke nema. Ba kyawun hoto ne kan gaba ba, kowane babban kamfani ya iya wannan. Suna so a bar jarumin da rauninsa, harsashi ya yi ƙaranci, zaɓin da ka yi a sa'ar farko ya dawo ya same ka a sa'a ta goma. Suna so a daina zana musu kibiya a allo tana nuna inda za su taka, a bar su su ji lambar buɗe ƙofa daga bakin mamaci su riƙe ta a ka. Kuma suna so ya kasance na mutum ɗaya shi kaɗai, babu shago a ciki, domin sun ga abin da ya sami Dead Space. Akwai inda suka rabu. Lalacewar bindiga da sake ɓullowar abokan gaba a ɗakin da ka riga ka share sun ƙona wa mutane rai tun 1999, har masu yin wasan suka fitar da gyaran da ke ba da damar sassauta su. Ni ina tare da masu cewa a rage amma kada a cire, domin ranar da ka amince da bindigarka ɗari bisa ɗari, ranar tsoron ya fita daga kumbon. Inda kusan kowa ya yarda shi ne ƙarshen kashi na biyu an yi shi a gurguje, bai kai ƙarfin farkonsa ba, kuma ana so na uku ya biya wannan bashin.

Mafi nauyin duka ita ce SHODAN kanta. A 1994 na'ura mai magana da raina mutane almara ce zalla. Yau mutane na hira da ƙirƙirarriyar basira a wayoyinsu, suna neman shawararta kan aiki da karatu da lafiya. Wanda zai rubuta mata sababbin kalmomi yana da aiki ja a gabansa, domin masu sauraro sun san yadda dogaro da murya marar jiki yake, kuma yaudarar ofishin Polito ta fi kusa da su yanzu fiye da da. Spector ya taɓa cewa yana son ya tono dalilin da ya sa take ƙin 'yan Adam. Wasu sun yi murna da haka, wasu sun ji tsoron kada bayani ya rage mata kwarjini. Wasu kuma sun gaji, sun mayar da fatansu kan Judas, wasan da Levine ya sanar a watan Disambar 2022, wanda shi ma a cikin kumbo mai wargajewa yake.

Labarin dai yana nan inda aka ajiye shi a 1999. Ka ci SHODAN da yaƙi, ka harbi fuskarta a allo, kumbon ya tsira. Can nesa, a cikin ƙaramin jirgin tsira, akwai mutum biyu da suka kuɓuta, Tommy Suarez da Rebecca Siddons, waɗanda ka yi ta tsintar saƙonnin soyayyarsu a hanya. Tommy yana naɗar rahoto cewa za su koma Von Braun, yana ambaton cewa Rebecca ta sauya hali. Sai ta taso daga bayansa, gashinta ya miƙe kamar wayoyi, ta buɗe baki, muryar SHODAN ta fito.