Ƙullutu a mama: abin da hoton asibiti ke iya gani

Idan kin ji ƙullutu a mama, taɓawa da hannu ba ta isa a gane ko mene ne ba. Shi ya sa likita zai tura ki sashen ɗaukar hoto, kamar na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna.

Sikanin yana aiki ne da sautin da kunne ba ya ji. Na'urar tana tura sautin cikin jiki, sannan ta auna yadda ya dawo. Idan ƙullutun jakar ruwa ce, sautin yakan ratsa ta ya wuce, sai ta fito baƙa wuluk, gefenta sumul, kuma galibi ba ta da hatsari. Wanda likita ke zargi shi ne ƙari mai tauri da gefensa bai daidaita ba, ya kutsa cikin lafiyayyen nama.

Mamogiram kuwa hoton eksire ne, ya fi amfani daga shekara 40 zuwa sama. Naman maman matashiya a cunkushe yake, yakan fito fari kamar ƙarin, har ya ɓoye shi.

Sai dai hoto zato yake bayarwa. Tabbaci sai an ciri ɗan nama da allura an bincika a ɗakin gwaji, kuma wannan ba ya sa daji ya bazu kamar yadda ake faɗa a gari. Idan daji ne, ana iya tura ki Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya.

Ki riƙa zuwa da tsofaffin hotunanki, domin da su ake gane ko ƙullutun yana girma.