Aikin jinya bisa hujjar bincike: ma'anarsa, asalinsa da hanyar da yake bi zuwa asibitocin Najeriya

Aikin jinya bisa hujjar bincike shi ne tsarin da ma'aikacin lafiya ke bi wajen zaɓa wa majinyaci kulawar da gwaji ya tabbatar tana da amfani, maimakon dogaro da abin da aka saba yi a ɗakin jinya. Tsarin ya shafi likitoci da masana magunguna, amma nauyinsa ya fi sauka a kan ma'aikatan jinya da ungozomomi, domin su ne ke wuni su kwana da majinyaci, kuma a ƙananan asibitoci da yawa su ne matakin farko da na ƙarshe. A Najeriya, mafi yawan ƙa'idojin da ke mayar da sakamakon bincike ya zama aikin yau da kullum daga Abuja suke fitowa.

Abin da ake nufi da hujja

A 1996 Farfesa David Sackett da abokan aikinsa suka wallafa bayanin da ake yawan kafa hujja da shi a wannan fanni. Bisa fahimtar da aka gina a kansa, shawarar da za a yanke wa majinyaci tana tsayuwa ne a kan sahihin bincike, da ƙwarewar ma'aikaci, da kuma yanayin majinyacin da abin da ya yarda da shi.

Ba kowane bincike ne ke da nauyi ɗaya ba. Wanda aka fi amincewa da shi shi ne gwajin da ake raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa kashi ɗaya sabon magani, ɗaya kashin kuma a bar shi a kan wanda aka saba, sannan a kwatanta sakamako. Sama da wannan akwai nazarin da ke tattara dukkan gwaje-gwajen da aka yi kan tambaya ɗaya a auna su tare. Ra'ayin ƙwararre shi kaɗai, komai girman muƙaminsa, yana can ƙasan tsani.

Asalin tsarin

Masu tarihin aikin jinya kan faro da Florence Nightingale, wadda ta isa asibitin sojojin Birtaniya da ke kusa da birnin Santambul a 1854, lokacin yaƙin Kirimiya. Alƙaluman da ta tattara sun nuna cewa cututtukan da ƙazanta ke haifarwa sun fi raunukan fagen daga kashe sojoji, kuma da su ta matsa wa hukuma ta gyara tsaftar asibitoci. A 1972 wani likita ɗan Sikotilan, Archie Cochrane, ya wallafa littafi yana sukar yadda ake amfani da magunguna da dama ba tare da an gwada amfaninsu ba. Sunan tsarin ya fito ne daga Jami'ar McMaster ta Kanada a farkon shekarun 1990, sannan a 1993 aka kafa ƙungiyar Cochrane mai tattara sakamakon gwaje-gwaje daga sassan duniya. Reshenta na Najeriya yana Asibitin Koyarwa na Jami'ar Kalaba.

Rawar da Abuja ke takawa

Sakamakon bincike ba ya isa gadon majinyaci da ƙafarsa. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ce ke duba shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita su da yanayin ƙasa, ta fitar da su a matsayin ƙa'idojin magani. Majalisar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ƙunshi ministan lafiya da kwamishinonin jihohi, ita ce dandalin da ake amincewa da manyan manufofi, kamar manufar 2014 da ta ba ƙananan ma'aikatan lafiya damar gudanar da wasu ayyuka bayan horo.

Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda dokar 1979 ta kafa a tsarinta na yanzu, ita ke tsara manhajar makarantun jinya, ta yi jarrabawa, ta ba da lasisi. Ta kuma wajabta wa ma'aikaci halartar kwas na ƙaro ilimi kafin ya sabunta lasisinsa, kuma ta wannan ƙofa ce sabon ilimi ke riskar waɗanda suka daɗe da barin aji. Hukumar Bunƙasa Lafiya a Matakin Farko ke kula da isar da ƙa'idoji ga ƙananan asibitoci, yayin da NAFDAC ke rajistar magunguna da sa ido kan ingancinsu. Manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada na daga wuraren da ake koyar da ma'aikata a aikace.

Zubar jini bayan haihuwa

Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya a 2020 sanadin ciki ko haihuwa, wato fiye da rubu'in adadin duniya baki ɗaya, kuma zubar jini na kan gaba a cikin dalilai. Bisa al'ada, ungozoma da ido take kimanta jinin da mace ta zubar, kuma ido kan raina adadi, sai a farga bayan lamari ya yi nisa.

Gwajin E-MOTIVE, wanda aka wallafa a watan Mayun 2023, ya shafi mata fiye da 210,000 a asibitoci kusan 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni wadda ke tara jinin. Da zarar ya kai mililita 500 na ma'aunin ruwa, wato rabin lita, sai a yi matakan ceto duka lokaci guda: a murza mahaifa, a yi allurar oksitosin, a ba da taranezamik asid mai tsayar da jini, a ɗaura ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, a kuma kira manya idan bai tsaya ba. An gano zubar jinin a kashi 93 cikin 100 na matan da ya same su, alhali inda aka bi tsohuwar hanya kashi 51 kawai aka gano. Mummunan sakamako, wato zubar jini mai tsanani ko tiyata ko mutuwa, ya ragu da kashi 60 cikin 100. Babu sabon magani ko ɗaya a cikin jerin. Abin da ya sauya shi ne awo da saurin aiki, kuma mafi yawansa a hannun ungozomomi yake.

Jijjiga da cibiyar jariri

Gwajin Magpie na 2002, wanda ya shafi mata kusan 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna cewa allurar magniziyam salfet na rage haɗarin jijjiga, ko taune-taune, da fiye da rabi ga masu cikin da jininsu ya hau. Duk da haka asibitoci da dama sun ci gaba da tsohon magani. Sai a 2008 aka horar da ma'aikata aka kuma samar da allurar a asibitoci goma na Jihar Kano, inda mace-macen matan da cutar ta kama suka sauka daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3.

Haka lamarin cibiya. A gidaje da yawa ana gasa ta da tsumma mai zafi ko a shafa mata man goge baki, abin da ke buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Gwaje-gwaje a Nepal da Bangaladash da Pakistan sun nuna cewa shafa sinadarin kulohezidin na rage ruɓewar cibiya da mutuwar jarirai. Jihar Sakkwato ta fara raba shi a unguwanni da ƙauyuka a 2013, sannan a 2016 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da tsarin yaɗa shi a faɗin ƙasa. A cibiya kaɗai ake shafa shi, domin yana illa sosai idan ya shiga ido.

Abubuwan da ke kawo cikas

Babban cikas shi ne ƙarancin ma'aikata. A watan Fabrairun 2024 magatakardan hukumar jinya da ungozoma ya bayyana cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekaru uku. Ungozoma ɗaya da ke riƙe da ɗakin haihuwa ita kaɗai da dare ba za ta iya yin matakai shida lokaci guda ba, ko da ta haddace su.

Sai ingancin kayan aiki. Oksitosin na buƙatar ajiya a firiji, kuma ƙarfinsa na raguwa a zafi, don haka rashin wutar lantarki kan mayar da ingantacciyar ƙa'ida aikin banza. Akwai kuma ɗabi'ar wurin aiki, inda ƙaramin ma'aikaci ke jin nauyin nuna wa na gaba da shi cewa hanyar da ya saba ta tsufa. Ga wanda ke neman karatu kuwa, shirin Hinari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002 na ba cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta mujallun lafiya kyauta ko a kan rahusa, amma sai da intanet da lokaci.

Abin da ya rataya a kan iyali

Tunda yardar majinyaci ɗaya ce daga ginshiƙan tsarin, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba shi haƙƙin a yi masa bayanin halin da yake ciki da zaɓin maganin da ake da shi, cikin harshen da yake fahimta. Mai ciki na iya neman a auna jininta a duk zuwa awo, dangi na iya tambaya ko asibitin da za ta haihu na da allurar tsayar da jini a ajiye, kuma mai jego na iya neman a nuna mata yadda ake shafa maganin cibiya kafin a sallame ta.