Wa Ya Ba Wannan Lasin? Tarihin Tuƙi da Direbobinmu a Sabo

A wannan fitowa za mu waiwayi abin da kullum muke gunaguni a kansa, a rumfunan kasuwa da bakin masallaci bayan isha'i, wato halin direbobi a kan titi. Duk wanda ya bi ta Mokola da safe ko Iwo Road da yamma ya san zancen. Mai Micra zai ci birki a tsakar hanya ya ɗauki fasinja ko sigina bai sa ba, ɗan acaba ya kutso ta hagu ya ɓullo ta dama, wani kuma ya biyo wan-we yana haska maka fitila kamar kai ne mai laifi. Sai ka ji mutum ya ce, "Wai wa ya ba wannan lasin?" To, tambayar nan tana da tarihi, kuma mu ma muna cikinsa tsundum.

Lokacin da aka kafa unguwarmu a 1916, mota ba ta cikin lissafin kakanninmu. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan tun 1901, layin dogo ya haɗe da Kano a 1912, don haka goro jirgi yake bi zuwa Arewa, shanu kuwa wasu a jirgi, wasu a ƙafa. Sannu a hankali manyan motoci suka karɓe lodin, har aka wayi gari tuƙin dogon zango ya zama sana'ar gidaje da yawa a cikinmu.

A wancan zamani babu makarantar koyon tuƙi ga talaka, makarantarsa ita ce zama karen mota. Uba zai kai ɗansa wajen direba kamar yadda ake kai almajiri gaban malam. Yaro ya fara da wanke mota da ɗaure lodi da tamfol. In an zo hawa, shi ne mai dirowa da gudu ya sa weji a bayan taya. Ya koyi duba mai da ruwa, ya koyi cire taya da faci, ya san kukan inji mai lafiya da na maras lafiya. Sai ya yi shekaru a haka kafin maigida ya bar shi ya juya mota a cikin tasha, daga baya ya ba shi sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya yana zaune kusa da shi. Ba ma cewa tsarin ba shi da aibi, domin an sha duka da zagi da kwanan ƙarƙashin mota. Amma yaron da ya fito daga ciki ya san nauyin abin da yake ja, kuma akwai mutumin da za a tuhuma in ya yi ɓarna, domin tambayar farko a tasha ita ce, "Yaron wa ne?"

Bayan wannan sai gwaji a gaban jami'in duba motoci, wanda muke kira VIO. Tsofaffin direbobinmu da suka rage suna ba da labarin yadda ake jera ganguna a ce ka shiga tsakaninsu da ribas, in ka taɓa ɗaya ka faɗi. A kai ka hawa a ce ka tsaya, sannan ka tashi ba tare da mota ta zame baya ba. A nuna maka alamomin hanya a ce ka fassara. Faɗuwa sau ɗaya ko biyu ba abin kunya ba ne, wanda ya ci kuwa har gida ake zuwa yi masa barka.

Kada mu ɗauka dai mutanen da waliyyai ne a kan hanya. Motar katako da ke jigila a ƙasar Yarabawa a lokacin sunanta bolekaja, ma'anarsa "sauko mu yi faɗa". Sunan kaɗai ya isa shaida cewa zafin rai tsakanin direba da yaron mota da fasinja ba yau ya fara ba.

Babban gwajin da aka yi wa direbobin ƙasar nan gaba ɗaya shi ne na ranar Lahadi 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, ranar da Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu da ta gada daga Ingila ta koma hannun dama. Dalilin a fili yake: Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey, wadda yanzu ake kira Benin, duk dama suke bi, ga motocin kaya kullum suna ƙetare iyaka. Ghana ma ta biyo baya a 1974. An daɗe ana shela a rediyo kafin ranar. Dattawa sun ce a kwanakin farko kowa lallaɓawa yake yi, hannu biyu a sitiyari, ido a kan hanya, saboda gwani da ɗan koyo duk sun koma ɗaya. Ashe direbanmu ya iya natsuwa in ya yarda cewa akwai abin da bai sani ba.

Daga nan kuɗin man fetur suka shigo. Ƙarin albashin Udoji ya sa ma'aikata da yawa sayen mota da babur. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas. Cunkoso ya yi yawa har a 1977 gwamnatin Legas ta raba wa motoci ranakun shiga wasu manyan tituna bisa lambarsu, masu mara yau, masu cika gobe, masu hali kuwa suka sayi mota ta biyu. A 1978 aka buɗe babbar hanyar Legas zuwa Ibadan, gudu ya samu fili. A nan ne gizo ya fara saƙa: motoci sun ninka cikin 'yan shekaru, amma horon direba na shekara da shekaru ba ya ninkuwa haka. Wanda ya sayi mota ranar Juma'a yana son ya shiga ofis da ita ranar Litinin.

Abin da da yawa daga matasanmu ba su sani ba shi ne, aikin 'yan kiyaye haɗurra daga jihar nan ya samo tushe. Yawan mutuwar malamai da ɗalibai a hanyar Ibadan zuwa Ife ya dami Farfesa Wole Soyinka, wanda ke koyarwa a jami'ar Ife, ya matsa har Jihar Oyo ta kafa rundunarta ta kiyaye haɗurra a 1977. A watan Fabrairun 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa ta ƙasa baki ɗaya, wato FRSC, Soyinka ne shugabanta na farko. Ita ce ta tilasta ɗaura bel daga 2003, kuma a 2011 aka fito da sabon lasin da ake ɗaukar hoto da zanen yatsu.

A ƙa'ida yanzu, mai neman lasin sai ya kai shekara 18, ya shiga makarantar tuƙi da hukuma ta amince da ita, ya yi gwaji a gaban VIO, ya biya kuɗi, sannan a ɗauki bayanansa. Amma dukanmu mun san yadda dillalai suka shiga tsakani. Mutum ya miƙa hoto da kuɗi, bayan 'yan makonni a kawo masa kati har shago, wani lokacin ma na jabu, bai taɓa ganin ganga ko hawa ba. Tun da tattalin arziki ya karye bayan 1986 acaba ta zama mafakar matasa, ga Keke Napep ta biyo baya, kuma yawanci koyon na kwana biyu ne a filin ƙwallo. Bayan Legas ta tsaurara hana acaba a 2020 da 2022, mun ga yadda yara suka ƙaru a nan, wasu ko sunan unguwanni ba su sani ba.

Mutanen garin nan ba su manta da Nuwamban 2000 ba, lokacin da tankar mai ta afka wa jerin motoci a hanyar Ife, wuta ta ci mutane fiye da ɗari. Babbar mota ba ta da ƙaramin kuskure.

Mu kuma akwai ƙarin nauyi a kanmu. Mu 'yan kasuwa mu ne ke sayen babur mu ba yaro a kan balas na kullum, mu ne ke matsa wa direba ya kwana yana tuƙi don tumatir ko albasa su riski kasuwar asuba. In yaronmu ya buge mutum, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Bahaushe ne, kuma mun san yadda ƙaramar magana ke zama babba a wurin da muke zaune da maƙwabta fiye da shekara ɗari. Ta fuskar shari'a ma, kisan kuskure yana da diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere, malamai kuma sun ja kunne cewa wanda ya hau abin da bai iya ba, sakacinsa ba uzuri ba ne.

Saboda haka muna kira ga masu motoci da babura a unguwar nan, kada a miƙa makulli ga wanda ba a ga tuƙinsa da ido ba, kuma bai yi gwaji da kansa ba. Muna roƙon Sarkin Sabo da shugabannin tasha su nemi tsofaffin direbobinmu, tun suna raye, su riƙa zama da sababbi ko sau ɗaya a wata. Iyaye kuma su daina alfahari da yaro ɗan shekara goma sha huɗu don ya iya fita da mota. Gyaran titi da fitilun hanya na gwamnati ne, za mu ci gaba da nema. Amma wanda zai riƙe sitiyari daga gidajenmu yake fitowa, wannan kuwa namu ne.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kanta. Wassalam.