Tarihin ɗan dako mai karatu cikin jikinmu

Ya kai mai karatu, ka tuna ranar da ka koyi raba k da ƙ? Ƙugiya ƴar ƙarama ce ta raba "baki" da "baƙi". To, cikin jikinka ma ana karatu dare da rana.

Jikin mutum haɗe yake da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Cikinsu ake gina wani abu mai suna furotin, wanda ke yin tsoka, yake narka abinci. Da tubali iri 20 ake gina shi. Umurnin ginin rubuce yake da baƙaƙe 4: A, C, G, U. Uku-uku ake karanta su. Kalma ɗaya, tubali ɗaya.

Wa ke karantawa? A 1955, wani masani na Ingila, Francis Crick, ya ce lalle akwai ɗan dako mai karanta kalmar, ya kawo tubalin da ya dace. Ba a daɗe ba, Hoagland da Zamecnik suka gano shi a birnin Boston na Amurka. Sunansa tRNA.

Sai Robert Holley na jami'ar Cornell ya ɗaura ɗamara. Daga kilo 140 na yis, abin da ke tada kwaɓin burodi, ya tace giram 1 na ɗan dako iri guda. A 1965 ya wallafa jerin baƙaƙensa 77. Ya tarar waɗansu suna da ƙarin alama, kamar ƙugiyarmu. Aka ba shi kyautar Nobel a 1968.

Mene ne amfanin alamun? A 1966 Crick ya bayyana cewa baƙi ɗaya mai alama yana sa ɗan dako ya gane kalmomi 3 masu nufin tubali guda. Waɗansu alamun kuwa hana shi kuskure suke yi.

A 2011, masana na Kumamoto, ƙasar Japan, suka yi gwaji da ɓeraye. Suka hana a sa wata alama guda. Ɗan dako ya riƙa tuntuɓe wajen gina insulin, abin da ke daidaita sukari cikin jini. Sukarin ɓerayen ya hau. Wannan ya taimaka wajen gane ɗaya daga cikin hanyoyin ciwon sukari.

Saboda haka, in ka ɗauki alƙalami, kada ka raina ƙugiya. Jikinka ma bai raina tasa ba.