Ɗan Daudu da Idon Baƙo: Nazari daga Yankin Tawa

A ƙasar Hausa ɗan daudu ba ɓoyayyen mutum ba ne. Sana'arsa ta bainar jama'a ce: yana bakin tasha ko gefen kasuwa, zane ɗaure a ƙugu, yana soya kaji, yana kwashe tuwo, kuma duk fasinjan da ya sauka sai ya dube shi. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, haɗarin da yake fuskanta ya fi fitowa daga wanda bai san shi ba, kuma garkuwar da ya saba dogara da ita ta yi rauni.

A garuruwan yankin Tawa irin su Buza da Keita, sanayya ita ce garkuwa ta farko. Yaro ya yi wa ɗan daudu ihu, dattijo zai tsawatar ya ce ɗan gidan wane ne. Madawa kuwa tana kan babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, kusa da iyakar Sakkwato, ga masu sayen albasa, ga 'yan cin rani masu kai da komowa. Baƙo ba ya ganin dangi ko asali. Tafiya yake gani, da murya, da lanƙwasar hannu, nan take ya yanke hukunci.

Garkuwa ta biyu harshe ne. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano ya kuma wallafa "Allah Made Us" a 2009, ya nuna gwanintar 'yan daudu a habaici da karin magana. Mai zolaya ya jefo magana, ɗan daudu ya tafa hannu, ya mayar masa da wadda za ta sa tasha ta kwashe da dariya, mai zolayar ya sulale. Ɗan daudu ya kuma san lokacin da zai sauke murya, ya zura doguwar riga, ya gaida malam cikin ladabi. Wannan ba munafunci ba ne, karatun wuri ne da takura ta koya masa. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya, suna salla, wasu har sun yi Hajji, shi ya sa ma'aunin da Turai da Amurka ke auna sauya jinsi da shi bai cika dacewa da su ba.

Ta uku ita ce inuwar bori, wanda Nicole Echard ta yi nazarinsa a Adar, cikin yankin Tawa. A dandalin bori iska mace tana hawa kan namiji, ba wanda zai yi mamaki. Wannan inuwa ta janye. A Nuwambar 2000, tarzomar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA ta kai Maraɗi, inda aka afka wa mashayu da gidajen mata masu zaman kansu. A shekarar ce kuma Zamfara da Kano suka fara aiki da shari'a, sannan a 2014 Nijeriya ta kafa dokar hana auren jinsi. Habaici yana kashe bakin mai zolaya, amma ba ya tsayar da taron da ya ɗauko duwatsu, ba ya goge hoton da aka ɗauka da waya aka watsa a WhatsApp.

Masu tsangwama sukan fake da addini, to amma malamai sun yi tafsili a kan wannan batu. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bambanta wanda aka halitta da ɗabi'ar mata, wanda ba shi da laifi a kanta, da wanda ya ƙirƙire ta da gangan. Ɗan kabu-kabun da ya ga mutum sau ɗaya a bakin titi, ta yaya zai san wanne ne? Ko da laifi ne, hukunci na alƙali ne, bayan shaida. Jifa da tozartawa a kasuwa zalunci ne, kuma wajibi ne hakimai da limamai da shugabannin tasha su hana shi.